Abin da Modul ɗin Faiba Ke Iya Yi a Suwic, da Sharuɗɗan da Ke Biye da Shi

Modul ɗin faiba ɗan ƙaramin abu ne, bai fi yatsa ba, wanda ake sokawa a kafar suwic, wato na'urar da ke haɗa kwamfutoci a cibiyar sadarwa, domin a jona mata wayar faiba mai silin gilashi da ke ɗaukar bayanai da haske. A jikinsa an rubuta 10G, ko 25G, ko 100G, wato yawan gigabit ɗin da yake turawa a daƙiƙa, kuma a nan idon yawancin masu saye ke tsayawa. Sai dai wannan lamba alkawari ce mai sharaɗi. Modul zai ba da gudun da aka rubuta ne idan wayar da aka sa masa irin tasa ce, tsawonta bai zarce iyakarsa ba, hasken da ya isa ɗaya ƙarshen bai yi rauni ba kuma bai yi yawa ba, sannan na'urorin da ke ƙarshen biyu sun yi ittifaƙi a kan yadda za su yi magana. Haruffan da ke bayan lambar, irin su SR, LR, SR4 ko DR, su ne ke faɗin waɗannan sharuɗɗa, kuma su ya kamata a fara karantawa.

A cikin kowane modul akwai leza mai juya siginar lantarki ta suwic zuwa haske, akwai idon da ke karɓar haske ya mayar da shi lantarki, sannan akwai 'yar ma'adana da ke riƙe sunan kamfani, lambar samfuri da irin aikin da modul ɗin ke yi. Suwic na karanta wannan ma'adana da zarar an soka modul, tun kafin a haɗa waya.

Ta fuskar siffa, gidaje biyu ne ake yawan cin karo da su. Gidan SFP layi ɗaya ne: SFP na gigabit 1, SFP+ na 10, SFP28 na 25, duk girmansu ɗaya. Gidan QSFP layi huɗu ne a cikin gwangwani ɗaya: QSFP+ yana haɗa 10 sau huɗu ya ba da 40, QSFP28 yana haɗa 25 sau huɗu ya ba da 100. Daga nan sai QSFP-DD da OSFP masu layi takwas, waɗanda ke kai wa 400 da abin da ya fi haka. Ƙa'idojin gudun daga hukumar IEEE suke fitowa: na gigabit 10 a 2002, na 40 da 100 a 2010, na 25 a 2016, na 200 da 400 a 2017. Shigar modul cikin kafa ba ta nufin zai yi aiki. SFP na gigabit 1 kan yi aiki a yawancin kafofin SFP+, wani lokaci sai an saita gudun da hannu, amma SFP+ ba zai tashi a kafar gigabit 1 ba. Akwai kuma suwic masu kafofin SFP28 da ke ɗaure kafa huɗu a rukuni guda, ta yadda idan ka mayar da ɗaya 10G sauran ukun ma sai sun koma 10G. A duba takardar suwic ɗin kafin a tsara wace saba, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, za ta shiga wace kafa.

Nisa: inda lissafi ke yawan karyewa

Wayar faiba iri biyu ce. Malti-mod, wadda ake kasa ingancinta daga OM1 zuwa OM5, tana da cibiya mai faɗi, wato tsakiyar gilashin da haske ke bi, maikiron 50, ko 62.5 a tsohuwar OM1 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Singil-mod cibiyarta kusan maikiron 9 ce kacal. A cibiya mai faɗi haske na bin hanyoyi da yawa, wasu gajeru wasu dogaye, don haka ƙyaftawa ɗaya da leza ta yi ba ta isa ɗaya ƙarshen a lokaci guda, sai ta baje. Idan gudu ya ƙaru ƙyaftawar na matsowa kusa da juna, bajewar kuma ta sa su cuɗe, mai karɓa ya kasa rabe sifili da ɗaya. Wannan ne dalilin da ya sa nisan malti-mod ke raguwa duk lokacin da aka hau matakin gudu.

Lambobin su ne shaida. 10GBASE-SR, mai zangon haske, wato launin hasken da leza ke fitarwa, nanomita 850, yana kai mita 33 a OM1, 82 a OM2, 300 a OM3, 400 a OM4. 40GBASE-SR4 yana kai mita 100 a OM3, 150 a OM4. 25GBASE-SR da 100GBASE-SR4 kuwa mita 70 a OM3, 100 a OM4. Ma'ana, wayar OM3 mai mita 250 tsakanin gine-gine biyu, wadda ta shekara da shekaru tana ɗaukar 10G lami lafiya, ba za ta ɗauki 25G ko 100G da waɗannan modul ba ko da sabuwa ce dal. Ba laifin modul ba ne, ba kuma laifin wanda ya ja wayar ba.

A singil-mod abin ba haka yake ba. 10GBASE-LR, a nanomita 1310, kilomita 10. 25GBASE-LR kilomita 10. 40GBASE-LR4 da 100GBASE-LR4 su ma kilomita 10, a kan silin gilashi biyu da ƙaramin kan waya da ake kira LC. 10GBASE-ER, a nanomita 1550, kilomita 40. Waya ɗaya ce ke ɗaukar su duka, modul kawai ake sauyawa. Saboda haka a ganina duk wanda zai ja sabuwar waya tsakanin bene da bene ko gini da gini, ya ja singil-mod nau'in OS2, ya kuma ja sili fiye da abin da yake buƙata yau. Jan waya shi ne aikin da ya fi wahalar maimaitawa, sauya modul kuwa aikin minti ɗaya ne. Malti-mod na da gurbinta a cikin ɗakin saba ɗaya inda nisa bai kai mita 70 ba, musamman idan an riga an shimfiɗa ta.

Launin rigar waya na taimakawa: OM1 da OM2 ruwan lemo, OM3 shuɗi mai haske kamar ruwa, OM4 irin wannan shuɗin ko ruwan hoda mai duhu, OM5 kore shar, singil-mod rawaya. Amma rubutun da ke jikin rigar shi ne hujja, domin ba kowane kamfani ke bin launi ba.

A cikin rak ɗaya ma, wato kabad ɗin da ake jera saba da suwic, ba dole ne a yi amfani da haske ba. Wayar DAC tagulla ce mai kawunan modul a manne, ba ta da leza, ba ta cin wuta sosai, kuma babu kan gilashin da zai yi datti. A 10G tana kai wa wajen mita 7, a 25G da 100G mita 3 zuwa 5, a 400G kuma ba ta wuce mita 3. Matsalarta kauri da taurin lanƙwasa. Idan nisa ya fi haka akwai AOC, wadda faiba ce mai kawuna a manne. Ita kuma idan kai ɗaya ya mutu sai an zare wayar duka.

Kasafin haske

Ana auna ƙarfin haske da dBm, ana auna asararsa da dB. Sifili dBm miliwat ɗaya ne, kuma duk asarar dB 3 na nufin rabin hasken ya tafi. Kowane modul na da abubuwa uku a takardarsa: ƙarfin da yake fitarwa, mafi raunin hasken da idonsa ke iya karantawa, da mafi ƙarfin da idon zai iya jurewa. 10GBASE-LR na fitar da tsakanin -8.2 da +0.5 dBm, yana karɓar daga -14.4 zuwa +0.5, kuma asarar da ƙa'ida ta yarda hanyar ta yi ita ce dB 6.2.

A ɗauki hanya mai kilomita 6. Singil-mod a nanomita 1310 ana mata lissafin dB 0.4 a kilomita, wato 2.4. Akwai mahaɗai huɗu a allunan haɗin waya, a ba kowane 0.5, wato 2.0. Akwai wurare huɗu da aka narka gilashi aka haɗa, a ba kowane 0.1, wato 0.4. Jimla 4.8. Abin da ya rage daga 6.2 shi ne 1.4. Hanyar za ta tashi, amma rarar ba ta da yawa: leza na tsufa, wata rana waya za ta tsinke a ƙara haɗi biyu, kai ɗaya zai kwashi ƙura. Gara a rage mahaɗi ɗaya ko a gyara masu asara tun yanzu.

A malti-mod mai gudu kasafin ya fi matsewa ainun. 100GBASE-SR4 a OM4 dB 1.9 ne gaba ɗaya, kuma 1.5 daga ciki na mahaɗai ne. Mahaɗi biyu masu asarar 0.75, wadda ita ce iyakar da aka saba yarda da ita ga mahaɗi guda, sun cinye kason ke nan. Wanda ya bi da hanyar ta alluna uku ko huɗu dole ya nemi kawuna masu ƙarancin asara, ya kuma auna da mita, kada ya dogara da ƙiyasi.

Yawan haske ma cuta ne, kuma mutane sun fi mantawa da wannan. 10GBASE-ER na iya fitar da +4 dBm, alhali idonsa ba ya son abin da ya wuce -1. Idan aka haɗa ER biyu da 'yar waya mai mita 2 don gwaji a kan tebur, idon zai cika ya dinga kuskure, a modul na kilomita 80 kuwa yana iya lalacewa. Maganin shi ne a sa ɗan abin rage haske na dB 5 ko 10 a bakin mai karɓa. Sayen modul na dogon nisa don gajeriyar hanya da sunan "ya fi ƙarfi" kuskure ne. LR dai ba ya buƙatar wannan, ana iya haɗa shi da gajeriyar waya.

Ɗari ba iri ɗaya ba ce

A 10G abu mai sauƙi ne: SR da SR, LR da LR. A 100G sai an yi hattara, domin akwai modul da yawa masu kai irin LC, masu aiki da singil-mod, masu shiga kafa ɗaya, amma ba sa jin yaren juna. LR4 na aika zango huɗu matsattsu tsakanin nanomita 1295 da 1310. CWDM4, mai kilomita 2, shi ma zango huɗu ne amma a warwatse: 1271, 1291, 1311, 1331. DR mai mita 500, FR1 mai kilomita 2 da LR1 mai kilomita 10 kuwa zango ɗaya tak suke aikawa, da salon PAM4 mai matakan haske huɗu a maimakon kunnawa da kashewa. LR4 a nan, LR1 a can, kowanne ya ce kilomita 10, amma hanya ba za ta tashi ba har abada, kuma abin ruɗarwar shi ne dukansu za su nuna suna ganin haske.

Modul masu aiki da sili ɗaya, waɗanda ake kira BiDi, bibbiyu suke tafiya. A 10G ɗaya na aikawa a 1270 ya karɓa a 1330, abokinsa kuma akasin haka. Iri ɗaya a ƙarshen biyu ba za su ga juna ba. Suna da amfani ƙwarai inda silin da ke ƙasa ya ƙare, sai dai ajiyar kayan canji ta zama iri biyu.

Lambar 4 da ke ƙarshen suna ma ma'ana biyu gare ta. A LR4 da CWDM4 launuka huɗu ne a cikin sili ɗaya. A SR4, PSM4 da 400G DR4 kuwa sili huɗu ne ke tafiya, huɗu ke dawowa, ta kai mai faɗi irin MPO mai gurbi 12, na tsakiya huɗu ba a amfani da su. Wannan nau'i na biyu shi ne ake iya rabawa: kafar 40G ta zama 10G huɗu, ta 100G ta zama 25G huɗu, DR4 ta zama 100G DR huɗu. Ba a raba LR4 da wayar rabo. Kuma sai an gaya wa suwic cewa an raba kafar, wasu ma sai an sake kunna su, sannan ba kowace kafa ce ke yarda ba.

MPO na da tarkonsa biyu. Na farko jerin sili: tsakanin SR4 biyu kai tsaye wayar nau'in B ake so, wadda ke juya jerin ta yadda mai aikawa zai fuskanci mai karɓa. Na biyu fil: bakin modul na da fil biyu na daidaitawa, don haka kan wayar da zai shiga dole ya zama marar fil. Idan aka tura mai fil da ƙarfi ana iya lalata bakin modul. A singil-mod kuma akwai batun gogen kai: shuɗin kai miƙaƙƙe ne, UPC, koren kai an goge shi a karkace da digiri 8, APC. Modul masu LC shuɗi suke so, MPO na singil-mod kuwa karkatacce ne. Haɗa kore da shuɗi na barin gibi tsakanin gilasan, asara ta yi yawa, fuskokin kuma su ƙuje.

Gyaran kuskure a hanya

Daga 25G zuwa sama yawanci ba a sa ran siginar ta iso tsaf. Mai aikawa na ƙara wasu lambobi a cikin bayanan, mai karɓa ya yi amfani da su ya gyara abin da ya lalace. Ana kiran wannan FEC, kuma da shi aka yi lissafin nisan da aka rubuta: mita 100 na 25GBASE-SR da RS-FEC ne. A 25G akwai zaɓi uku, RS-FEC, BASE-R FEC, ko babu. Idan suwic na kan ɗaya katin saba na kan wani, haske zai yi kyau a ɓangarorin biyu amma kafa ta ƙi tashi. Wannan na yawan faruwa tsakanin kayan kamfanoni daban-daban, musamman a kan DAC ko kafar da aka raba. A saita shi da hannu, iri ɗaya a ƙarshen biyu. 100G SR4 da CWDM4 na buƙatar RS-FEC, LR4 ba ya buƙata. Duk abin da ke aiki da PAM4 kuwa FEC a gare shi tilas ne.

Ma'aunin FEC yana da wata fa'ida da ba a cika amfani da ita ba. Suwic na ƙirga kurakuran da ya gyara da waɗanda suka fi ƙarfinsa. Waɗanda aka gyara ba abin tsoro ba ne, a PAM4 ma kullum suna hawa. Abin lura shi ne saurin hawansu ya sauya daga yadda aka saba, ko waɗanda ba su gyaru ba su fara bayyana. A nan ne bayanai suka fara zubewa, kuma sau da yawa alamar kan zo tun kafin masu amfani su ji a jikinsu.

Game da suwic da ke ƙin modul na wani kamfani: abin da ke cikin ma'adanar nan yake dubawa, idan bai ga shaidar da yake so ba ya rufe kafar. A kayan Cisco akwai umarnin service unsupported-transceiver, a na Aruba akwai allow-unsupported-transceiver, wasu katunan Intel ma na da makamancin haka a Linux. Masu sayar da modul na waje kuma kan rubuta ma'adanar daidai da suwic ɗin da za a saka. Modul na waje daga hannu mai kyau na aiki sosai, amma a gwada shi da ainihin sigar manhajar da ke kan suwic, a sake gwadawa kafin duk wani sabuntawa, a kuma ajiye 'yan ƙwaya na asali don ranar da za a kai ƙara wurin kamfanin suwic su ce a cire na waje tukuna.

Zafi na kashe leza a hankali. Modul na yau da kullum an yi shi don digiri 0 zuwa 70 a jikin gwangwaninsa, na masana'antu kuma -40 zuwa 85. SFP+ na haske wajen wat 1 yake ci, QSFP28 LR4 wat 3.5 zuwa 4.5, na 400G kuma sama da wat 10, wato kafa 32 masu wat 12 sun haura wat 380 a fuskar suwic kaɗai. Modul ɗin SFP+ mai bakin RJ45, irin na wayar tagulla da aka saba jona wa kwamfuta, ya fi kowa ban mamaki: yana cin wajen wat 2.5, fiye da abin da aka tsara wa kafar, yawanci mita 30 kawai yake kai wa a 10G, kuma suwic da yawa ba sa yarda a jera su kusa da kusa. A kuma duba ta inda iskar suwic ke fita. Idan ta gefen kafofi take fita, modul na shan iskar da ta riga ta yi zafi.

Idan kafa ta ƙi tashi

Kusan duk modul na zamani na faɗin halin da yake ciki: zafinsa, wutar da yake samu, wutar da leza ke ja, hasken da yake fitarwa, da wanda yake karɓa. A Cisco umarnin shi ne show interfaces transceiver detail, a Juniper show interfaces diagnostics optics, a Linux ethtool -m tare da sunan katin. A karanta ƙarshen biyu, ba ɗaya ba.

Idan suwic bai ma gane modul ba, matsalar ma'adana ce ko gudun kafa, waya ba ta shigo cikin zancen ba tukuna. Idan hasken karɓa ya nuna -40 dBm ko makamancin haka, babu haske sam: ko an juya sili, mai aikawa na fuskantar mai aikawa, ko waya ta tsinke, ko kafar can a kashe take. A musanya silin biyu a ƙarshe ɗaya kawai. Idan akwai haske amma ya yi ƙasa, a debe abin da aka karɓa a nan daga abin da aka fitar a can, a kwatanta da lissafin da aka yi a takarda. Bambancin da ya wuce lissafi yawanci datti ne ko lanƙwasa mai tsanani, irin wadda ƙofar rak ko maɗaurin roba da aka ja da ƙarfi ke jawowa. Idan haske ya yi daidai a ɓangarorin biyu amma kafa na kwance, a koma kan FEC, gudu, saitin rabo, da ko modul ɗin biyu iri ɗaya ne. A modul mai layi huɗu a duba kowane layi daban, domin guda ɗaya mai rauni ya isa ya kwantar da duka. Wutar leza da ke hawa wata bayan wata alhali hasken fita na nan yadda yake ko yana raguwa alama ce ta tsufa, a shirya canji.

Datti ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke lalata hanyar faiba. Cibiyar singil-mod maikiron 9 ce, ƙwayar ƙurar da ido ba ya gani na iya toshe wani ɓangare nata, kuma idan aka danna kai mai datti cikin modul ƙurar na iya nitsewa cikin gilashi ta bar tabo na dindindin. Murfin robar da sabuwar waya ke zuwa da shi ba shaidar tsafta ba ne. Tsarin shi ne a duba da madubin faiba, a goge, a sake dubawa, sannan a soka, kuma a yi wa ɓangarorin biyu, kan waya da cikin bakin da zai shiga. Alƙalamin goge na milimita 1.25 na LC ne, na 2.5 na SC ne, wani kan waya da ya fi LC girma, MPO na da nasa daban. Idan maiƙon yatsa ne, a fara da ɗan ruwan goge faiba a bi da busasshen ƙyalle marar zare. Ba a hura kai da baki, ba a goge shi da riga, kuma ba a leƙa bakin modul ko kan waya da ido, domin hasken 1310 da 1550 ba a ganinsa, ido ba zai ƙyafta ya kare kansa ba.

Akwai lalura ɗaya da ta keɓanta da faiba: sili ɗaya ya mutu ɗaya na aiki, wani ɓangare na ji ɗayan ba ya ji. A hanyoyin da ke tsakanin suwic da suwic wannan na iya jawo bayanai su yi ta zagaye ko su faɗa rami. A kunna UDLD, tsarin da ke gano hanyar da ɓangare ɗaya kawai ke ji, ko makamancinsa, a kuma haɗa hanyoyi biyu da LACP, tsarin da ke ɗaure layuka su yi aiki tare, maimakon haɗin da aka ƙulla da hannu, domin LACP na cire layin da ya daina amsawa. Sai dai a sani cewa 10G huɗu da aka ɗaure ba su zama 40G ga kwarara ɗaya ba, kowace kwarara layi ɗaya take bi. Saba mai kwashe ajiya zuwa wata saba guda a kwarara ɗaya ba za ta wuce 10G ba, kuma a irin wannan aiki kafar 25G ko 100G ɗaya ta fi ɗauri.

Ranar da aka tashi sabuwar hanya, a rubuta hasken fita da na karɓa na ƙarshen biyu, zafin modul, nau'in FEC da lambar samfuri, a ajiye tare da zanen wayoyin. A sa manhajar sa ido ta dinga ɗaukar waɗannan lambobi, ta yi ƙararrawa idan hasken karɓa ya sauka da dB 2 daga na ranar farko, ba sai ya kai iyakar da modul ɗin da kansa zai yi kuka ba.